Aron Suna a Fegge

Saura wata biyu Sa'ida ta zauna jarrabawar ƙarshe ta zama nas, makarantarsu ta Inugu ta dakatar da ita. An ɗauki hoton yatsunta, an duba, an ga kotu ta taɓa samun ta da laifin sayar da ƙwaya. Ita kuwa ta rubuta a fom cewa ba a taɓa yanke mata hukunci ba. Laifin ba nata ba ne. Na ubanta ne, Hashim mai kemis na unguwar Fegge ta garin Anaca, kuma duk Bahaushen da ya daɗe a Anaca ya san da haka.

Abin ya faru ne shekara biyar baya, wata Talata bayan azahar. Hashim ya fito daga masallaci, ya tsaya gun mai rake yana jira a fere masa, sai ya hango farar mota ta ja birki daidai ƙofar shagonsa, mutum huɗu sun diro da riguna iri ɗaya na hukumar hana ƙwaya. Bai jira raken ba. Ya juya ya koma masallaci, ya shige banɗaki, ya sa sakata. A shagon kuwa Sa'ida ce zaune, tana da shekara goma sha tara, ta zo tsare masa kanti ne kawai kafin ya dawo daga salla. A ƙarƙashin bencin da take zaune aka jawo katan biyu, ɗaya maganin tari mai kodin, ɗaya tiramol. Ita aka samu, da ita aka tafi.

'Yan maganin Kudu suna da wata hanya da suke bi, suna ce mata aron suna. In aka kama kaya, ba mai kayan ne ke amsa laifi ba. Ana dubawa cikin gida ko cikin ma'aikata a nemo wanda sunansa bai taɓa shiga kotu ba, shi zai tsaya gaban alƙali ya ce nawa ne. Wanda ya fara ana yi masa sassauci, a ci shi tara, a ja masa kunne, ya kwana a gida. Wanda ya maimaita kuwa sai gidan yari. Hashim da kansa ya taɓa ba da aron nasa. Yana saurayi, yana tallar magani a faranti a kasuwar Creek Road ta Fatakwal, aka kama kayan ubangidansa Alhaji Falalu, shi ya amsa. Da ya fito, Alhaji ya kama masa shago a Fegge ya zuba masa kaya. Hashim bai taɓa jin an cuce shi ba. Yakan ma ba da labarin yana dariya.

To, da aka kama Sa'ida, Alhaji Falalu ya biyo motar safe daga Fatakwal. Aka zauna a ɗakin taron 'yan magani, shi da Hashim da dattawan ƙungiya uku. Alhaji bai ja magana ba.

"Hashimu, kai sunanka ya ƙone tuntuni. In ka fito ka ce naka ne, ɗauri ne, wa zai riƙe gidan? Ita kuwa fara ce tas, ga ta mace. Me mace za ta yi da suna a kotu? Gwamna za ta nema?"

Aka yi dariya. Hashim ma ya yi, don ya ji sauƙi.

Kwananta tara a tsare. Ranar kotu ta faɗi abin da aka koya mata, aka biya tara, ta dawo gida. Uwarta Rakiya ta dafa mata ruwan wanka, ta ƙone kayan da ta dawo da su a bayan gida. Daga ranar ba wanda ya sake ta da zancen. Shekara biyu bayan haka ta samu shiga makarantar nas-nas, Hashim ya riƙa bin shaguna yana faɗa wa mutane ya kusa zama uban likita.

Ranar da aka dakatar da ita, kafin la'asar ɗan okada ya sauke ta a babur a ƙofar gida da jaka ɗaya. Hashim ya shigo cin abinci ke nan, Rakiya na zaune tana tsince shinkafa.

"Uwata, lafiya? Ai ba hutu ba ne." Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran sunanta.

Ta miƙa masa takarda. Ya juya ta gaba da baya. Turancinsa bai wuce na bayan kwalin magani ba.

"Karanta min."

"Ba sai na karanta ba, Baba. Na haddace a mota."

Ta faɗa musu, a tsaye, ba ta ko cire hijabi ba. Asibitin da za a tura su aikin ƙarshe ne ya nemi kowa ya kawo takardar 'yan sanda. Kowa ya dangwala yatsa, na kowa ya dawo fes, nata ya dawo da lambar shari'a.

"Ka tuna ranar da na buga maka waya ina cike fom?" ta ce. "Na ce ana tambaya ko kotu ta taɓa yanke min hukunci. Me ka ce min?"

"Na ce ba a ɗaure ki ba."

"Ka ce tara ba hukunci ba ne. Ka ce in sa a'a."

"To ƙarya na yi? Ɗaure ki aka yi? Alƙali ya ba ki ko da kwana ɗaya?"

"A wurinsu duk ɗaya ne, Baba."

Rakiya ta ajiye faifan. "Malam, tun ranar nan na ce maka..."

"Ke Rakiya, ba yanzu ba."

"Yaushe to? Shekara biyar kana ce min ba yanzu ba."

Hashim ya tashi. Ya wanke hannun da bai ci abinci da shi ba, ya koma shago. Duk wanda ya zo sayen fanadol ranar ya sha faɗa.

Hashim mutum ne da ya yarda ba abin da zuwa da kai ba ya gyarawa. Ya ga an saki kayan da aka kama a gadar shiga Anaca, ya ga an buɗe shagon da aka manna wa takarda, duk da magana mai daɗi da ɗan abin hannu. Don haka washegari ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya sayi kilishi da kwalbar zuma, ya hau motar Inugu.

Ya yi awa biyu a kan benci kafin a shigar da shi gun shugabar makarantar, wata dattijuwa mai furfura da ake kira Misis Ezeani. Ya fara jero mata buroka, Turancin kasuwa, madam abeg, madam abeg. Ta ɗaga hannu.

"Malam, yi Hausarka. A Sabon Garin Kano aka haife ni. Kuma ɗauke kilishinka daga kan teburina."

Ya ɗauke, ya ɗora a cinya.

"'Yarka ba ta da matsala a aji," ta ce. "In jijiyar jariri ta gagari kowa, ita ake kira ta sa ruwa. Kada ka zaci ina jin daɗin wannan abu. Amma ka san me nas take riƙewa? Mukullin akwatin magungunan da ake kullewa. Irin wanda aka kama a shagonka, da wanda ya fi shi ƙarfi sau goma. Yanzu ka ce in aika wa hukumar lasisi sunan wadda kotu ta ce ta sayar da ƙwaya, sannan ta ɓoye?"

"Tara ce fa kawai, madam."

"Da ta rubuta e, ta yi bayani, da an zauna an duba. Ba duk wanda ya taɓa shiga kotu ake kora ba, na ga waɗanda aka bari. Amma ta sa hannu a kan a'a. Wannan ya fi na farkon nauyi."

"Ni na ce ta sa."

"Na sani. Ta ƙi faɗa min, amma na sani."

"Kuma kayan ma nawa ne. Ita ko buɗe katan ɗin ba ta taɓa yi ba."

Misis Ezeani ta cire tabarau ta dube shi da kyau.

"Ka faɗa min ni, a ɗaki, ƙofa a rufe. Me zan yi da shi? In rubuta cewa babanta ya zo da zuma ya ce nasa ne? Kotu ce ta rubuta sunanta, kotu ce kawai za ta goge. In kana da zuciyar faɗar wannan magana, can za ka faɗe ta."

Ta rubuta masa sunan wani lauya a bayan takarda. Yana fita ya ba mai gadi kilishin, ya riƙe zumar don bai san yadda zai yi da ita ba.

Lauyan, Barista Nwoye, siriri ne mai ofis a saman wani shagon taya. Ya saurari labarin duka yana cin goro, wai Hausawan unguwar Garki ta nan Inugu ne suka koya masa. Da Hashim ya gama, ya yi masa bayani da buroka, a hankali, kamar mai karanta wa tsoho yadda ake shan magani.

Lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce da daɗewa, amma ana iya roƙon kotu ta buɗe. Sai dai a nuna cewa amsar da yarinyar ta yi ba tata ba ce, sa ta aka yi. Hashim zai rantse a rubuce cewa kayan nasa ne, ya faɗi inda yake ranar, ya faɗi yadda aka shirya.

"In na rantse fa?"

"Za su kama ka. Ranar ma, ta yiwu a ƙofar kotu."

"Shekara nawa?"

"Ba ni ne alƙali ba, Malam. Amma kai na biyu ne. Ka sa uku a ranka, ka roƙi Allah kada ta kai biyar."

Hashim ya yunƙura zai tashi.

"Saura ɗaya," in ji lauyan. "Kai kaɗai ba ka isa ba. Alƙali zai ce uba ne ya zo ceton 'yarsa, kowane uba zai iya wannan. Sai ka kawo wanda ya zauna a taron ya ce haka aka yi. In ba wanda zai zo da ƙafarsa, ka rubuta sunayensu, kotu ta kira su."

"Sunayen mutane? A takarda?"

"A takarda."

"Oga lauya, ba mu yin haka."

"To ku ci gaba da yadda kuke yi," ya ce, ya miƙa hannu ya ɗauki wani fayil.

Sati biyu Hashim bai ce wa kowa komai ba. Yana buɗe shago, yana rufewa. Sa'ida na gida, tana wanke-wanke, tana shara, tana gaishe shi safe da yamma kamar yadda ta saba, ba ta ƙara kalma ɗaya a kai. Fararen kayanta na makaranta ta ninke su ta sa a ƙasan akwati. Maƙwabta suka fara aikowa a zo a yi musu allura, ta ce ba ta da izini. Rakiya kuwa ta daina yi masa magana sai ta abinci.

A sati na uku ya hau motar Fatakwal. Ya isa unguwar Rumuokoro ana ruwa, motoci sun cushe a mahaɗa, 'yan kwandasta na zagin juna. Alhaji Falalu yanzu ya tsufa, yana da babban sito a bayan tasha, 'ya'yansa ne ke juya shi. Shi yana zaune daga ciki a kan kujerar roba, ƙafarsa ɗaya da ta kumbura a kan matashi.

Hashim ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, barka da hutawa."

"A'a, Hashimu! Kai ne a gari da ruwan nan? Yaya Anaca? Yaya iyali? Yaya kasuwa?"

"Lafiya ƙalau, Alhaji. Yaya ƙarfin jiki?"

"Ga shi nan, ƙafa ta ƙi ni. Kai ma ka yi furfura, ja'iri. Jiya-jiya kana yawo da faranti a ka."

Aka kawo masa lemo. Sai da aka gama tambayar kowa da kowa, sannan Hashim ya kawo maganar. Ya faɗe ta duka, har da abin da lauya ya ce. Alhaji ya saurara yana murza ƙafarsa.

"Yanzu me kake so da ni?"

"Ka zo ka ce haka aka yi. Magana biyu ce, Alhaji."

"In je kotu da ƙafar nan, in ce ni Falalu na koya wa yarinya ƙarya gaban alƙali? Hashimu, ka fara shan kayanka ne?"

"Kai ka ce mace ba ta buƙatar suna."

"Na ce. Kai kuma ka ce to. Wa ya riƙe maka baki? Kuma wa ya aike ka kai ta makarantar da ake dangwala yatsa? Da ka tambaye ni da na faɗa maka."

"Karatunta ne, Alhaji. Shekara uku ta yi."

"Shekara uku! Mu da muka yi hamsin muna ba mutane magani, wace makaranta muka je? Wanda ya mutu a hannunmu ya fi wanda ya mutu a hannunsu ne?" Ya gyara zama, ya sassauta murya. "Ka saurare ni. Ba mu taɓa yar da wanda ya ba da aron suna ba, kai shaida ne. Haƙƙinta yana nan. Akwai shago a layin bayan nan da zai fita hannu ƙarshen wata. Zan kama mata, in zuba mata kaya. Ta iya allura, ta iya sa ruwa, ta iya Inyamuranci da Turanci. Ta sa farar riga ta zauna, wa zai tambaye ta lasisi a Rumuokoro? Cikin shekara biyu sai ta fi nas ɗin asibiti samu. Abin da na yi maka shi zan yi mata."

Hashim ya buɗe baki zai yi godiya, don bakinsa ya saba. Daidai nan wata farar mota ta shigo layin a hankali saboda ruwa. Sai ya ga ƙafarsa ta riga ta lalubo takalmi. 'Ya'yan Alhaji biyu sun daina ƙirga katan, ɗaya ya matsa kusa da ƙofar baya. Alhaji da kansa ya sauke kumburarriyar ƙafar daga kan matashi. Motar ta wuce. Mai sayar da burodi ne.

Alhaji ya yi dariya. "Ka ga tsufa. Kullum sai ɗan banzan nan ya tsorata mu."

Hashim bai yi dariya ba. Shekara talatin ke nan yana haka. A masallaci sahun da ke kusa da ƙofa yake tsayawa. Ko a bikin suna, fuskarsa na kallon titi. Wannan ne abin da aka ba shi tare da shagon, kuma shi ake miƙo wa Sa'ida yanzu.

"Alhaji, na gode. Ba za ta karɓa ba."

"Ka tambaye ta?"

"Ba sai na tambaye ta ba."

"To ka ji da kyau. In ka je ka ɗaure kanka, ruwanka, kai ka sani. Amma in ka sa sunana ko na wani ɗan ƙungiya a takarda, ka fita daga cikinmu. Daga nan har Inugu ba mai ba ka ko kwalin filasta. In ka mutu a Kudu, ka nemi masu ɗaukar ka."

"Allah ya ƙara lafiya, Alhaji."

"Hashimu! Dawo nan ina magana!"

Ya sa takalminsa ya fita cikin ruwan.

Da ya dawo Fegge washegari da hantsi, ya tarar da Sa'ida a tsakar gida tana wanki. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna. Duk da abin da ya ce wa Alhaji, sai da ya tambaye ta, don wani ɓangare na zuciyarsa na fatan ta ce to.

"Alhaji ya ce zai buɗe miki kemis a Fatakwal."

Ba ta ɗago ba. "Wanne zan sa a ƙarƙashin benci, Baba? Kodin ko tiramol?"

"Uwata, da ubanki kike magana."

"Yi haƙuri." Ta matse rigar da ke hannunta, ta jefa a bokiti. "Shekara uku ina kwashe kashin mutane, ina wanke gyambo, ina tsayuwa har ƙafata ta kumbura. Ba don kuɗi ba ne. Don in zauna a wurin da in an buga ƙofa ba zan firgita ba."

Ya faɗa mata abin da lauya ya ce. Bai rage komai ba, har da shekarun. Rakiya na bakin murhu, ta ji duka, ba ta juyo ba.

"In na yi, ba tabbas za a mayar da ke," ya ce. "Shi ma lauyan ya ce ba tabbas."

"Na sani."

"To me kika ce?"

Ta ɗauraye kumfar da ke hannunta.

"Ran nan da kuka zo inda aka tsare ni, kai da Alhaji, ba wanda ya tambaye ni me na ce. Yau ma kada ka tambaye ni. Ban ce ka je ba, Baba. Amma ba zan ce kada ka je ba."

Ya jira ko Rakiya za ta sa baki. Abin da ta ce kawai shi ne, "In za ka je, ka bar min mukullin ɗaki, kada ka tafi da shi a aljihu kamar yadda ka saba."

Ranar Litinin ya koma ofishin Barista Nwoye. Ya faɗi komai, magatakarda na bugawa. Ya faɗi mai rake, ya faɗi banɗakin masallaci da sakatar. Da aka zo kan sunaye ya tsaya, ya nemi ruwa, ya sha. Sannan ya jero su huɗu, Alhaji Falalu a farko. Ya dangwala yatsa a ƙasa.

Kafin sati ya zagayo labari ya cika Fegge. Wanda ke kawo masa kaya daga kasuwar gada ya daina ɗaga waya. A masallaci ana amsa sallamarsa, amma ba mai matsawa ya ba shi wuri a tabarmar hira. Wani ma ya ce masa a gaban mutane, "Malam Hashim, mu ma akwai sunanmu a ciki, ko mu kwanta mu yi barci?"

Shari'a ta ja. A ɗaga yau, a ɗaga gobe, alƙali ya tafi taro, fayil bai iso ba. Alhaji Falalu ya aiko da takardar likita cewa ba ya iya tafiya. Dattawa biyu suka zo suka rantse ba su san da wani taro ba. Na ukun, Ɗanjuma, wanda ya bar sana'ar tun da ɗansa ya haukace da shan maganin tari, ya tsaya ya ce, "An yi. Ina wurin. Har dariya muka yi." Maganarsa ke nan duka, kuma ita ta yi aiki.

Bayan wata goma sha huɗu kotu ta soke hukuncin Sa'ida. Hukumar lasisi ta zauna, ta ce laifin ƙwaya ya fita, amma a'ar da ta rubuta da hannunta tana nan. Aka ƙara mata shekara guda a gida. Da ta cika, ta koma Inugu ta maimaita ajin ƙarshe da waɗanda ta taɓa koya wa ɗaura bandeji. Ta ci jarrabawa. Yanzu tana aiki a ɗakin yara na wani asibiti a Inugu.

Hashim bai ga ko ɗaya daga cikin wannan da idonsa ba. Ranar da ya gama ba da shaida, jami'ai biyu suna jiran sa a matakalar kotu. Wannan karon bai nemi wurin ɓuya ba, ya miƙa musu hannu. Alƙali ya ba shi shekara uku, ba zaɓin tara. Aka kwashe kayan shagon, mai gida ya ba wani ɗan Abakaliki haya yana sayar da cajar waya. Cikin 'yan magani ba wanda ya taɓa leƙa shi a gidan yari.

Ya fito yana da shekara hamsin da takwas, haƙoransa na gaba sun zube, idonsa na hagu ba ya gani sosai. Ya zaga Fegge, ya je Inugu, ya je har Fatakwal, ba wanda ya ba shi ko kwali ɗaya ya sayar. Yanzu gadi yake yi a wani siton siminti a bakin kogi a Anaca.